Alƙunutun yammacin Zamfara: a kai ƙarar zalunci, a bar sunan ƙabila

Ranar Juma'a 23 ga Satumban 2022 'yan bindiga suka afka wa masallacin Ruwan Jema a ƙaramar hukumar Bukkuyum, suka kashe masallata 15. Makonni uku kafin nan an shiga masallacin Juma'a na Zugu an kora mutane daji. Duk wanda zai ce wa mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum su koma ga Allah, sai ya fara tuna cewa wasunsu a cikin sahu aka same su. Addu'a kam an yi ta, ana kuma kan yi. A Disambar 2021 Sarkin Musulmi ya yi kira a shiga alƙunutu saboda kashe-kashen Arewa, a azumin 2022 kuma gwamnatin Zamfara ta tura malamai kusan 100 Umara su roƙa wa jihar zaman lafiya. Saboda haka yawan addu'a ba ya cikin abin da ya rage mana. Abin da ya kamata mu zauna mu duba shi ne abin da muke faɗa idan mun ɗaga hannu, da kuma wanda muke nufi a zuci idan liman ya ce "azzalumai" muka amsa da amin. Ra'ayina shi ne, addu'ar da za ta amfani yankin nan ita ce wadda ta kai ƙarar zalunci ko daga wa ya fito. Wadda ta rataya laifin a wuyan ƙabila guda tana ƙara wa wutar ice, tana kuma wanke masu mulki daga alhakin da yake kansu.

Ba a cika jin liman ya ambaci ƙabila a kan mumbari ba. Bayan sallama ne fassarar take fitowa, a bakin masallaci, a teburin mai shayi, da cikin saƙonnin murya da ake turawa ta WhatsApp. A gari, azzalumi ya zama "Bafulatani". A rugar da 'yan sa-kai suka ƙona, azzalumi ya zama "Kaɗo". Dukansu alƙibla ɗaya suke fuskanta, azumi ɗaya suke yi, kuma kowane ɓangare yana da gawarwakin da zai nuna. Wannan ya bambanta rikicin Zamfara da na Filato ko Binuwai, inda ake samun damar lulluɓe shi da rigar addini. A nan ba Kirista a tsakani, sai aka nemi wata rigar, aka samu ta ƙabila. Ita kuwa tana da sauƙin sawa, domin tana hutar da mutum daga tambayar wanda ya sayar da burtali, da wanda ya karɓi cin hanci a kotu, da wanda yake sayen zinarin da ake haƙowa a ƙarƙashin bindiga.

Girman musibar ba abin jayayya ba ne. Kwamitin da Gwamna Bello Matawalle ya kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda M.D. Abubakar ya ƙirga mutum 6,319 da aka kashe a jihar daga Yunin 2011 zuwa Mayun 2019, da mata 4,983 da suka rasa mazajensu, da marayu 25,050, da mutum sama da 190,000 da suka bar gidajensu. Daga baya abin ya ƙara muni. Tsakanin 4 zuwa 6 ga Janairun 2022 aka bi ƙauyukan Anka da Bukkuyum, har da Kurfar Danya da Barayar Zaki da Rafin Gero, ana kisa ana ƙonawa; gwamnati ta ce mutum 58 ne suka mutu, waɗanda suka yi jana'iza suka ce kusan 200. Amma akwai wani sashe na rahoton kwamitin nan da ba a son a tsaya a kansa. Ya zargi sarakuna biyar da hakimai 33 da wasu jami'an tsaro da hannu a cikin lamarin, kuma a Afrilun 2022 gwamnati ta tuɓe sarakunan Zurmi da Ɗansadau bisa irin wannan zargi. Rikicin da rawani da kaki suke cikinsa ya wuce faɗan manomi da makiyayi, wanda kuma ya taƙaita addu'arsa a kan mutumin ruga ya bar jaki yana dukan taiki.

Tarihin yankin ma bai goyi bayan masu cewa gaba ce ta gado tsakanin Hausawa da Fulani ba. Birnin Zamfara a hannun Gobirawa ya faɗi, zamanin Sarkin Gobir Babari, wajen shekarun 1760, kuma duka ɓangarorin biyu Hausa suke ji. Daga nan gidan sarautar ya yi ta ƙaura har ya zauna a Anka a farkon ƙarni na 19. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara tun kafin jihadi, kuma da yaƙi ya tashi a 1804 an samu Hausawa da Fulani a cikin jama'arsa, an kuma samu Hausawa da Fulani a cikin masu yaƙarsa. Zamfarawa sun mara masa baya da farko saboda haushin Gobir, daga baya aka ɓata. Ba zan ce zamanin lafiya lau ne ba. An yi yaƙe-yaƙe, an kama bayi, an cinye garuruwa. Sai dai layin da ya raba mutane na mulki ne da haraji da aƙida. Jangali ma ya girmi Turawa, domin Shehu ya lissafa shi a Kitabul Farƙi cikin zaluncin sarakunan zamaninsa. Malaman ƙasar nan sun daɗe da sanin yadda ake kiran zalunci da sunansa, a kuma nuna mai yin sa ko da yana kan karaga.

Turawa sun ci Sakkwato a Maris na 1903, kuma abin da suka bari bai tsaya ga tuta da iyakar da suka ja da Faransa ba, wadda ta raba Gobir da Katsina gida biyu. Sun bar wata irin hukuma. Gwamna Lugga da mutanensa sun ɗauki Fulani a matsayin jinsin da aka halitta don mulki, sauran kuma talakawa, suka rubuta hakan a littattafansu har ya zama kamar gaskiya. Amfanin wannan kirari a fada ya tsaya. Bafulatanin daji abin da ya samu shi ne mai ƙirgar wutsiya duk damina, yana gudu da garkensa daga gunduma zuwa gunduma saboda jangali. Manomi kuma aka ɗora masa haraji na tsabar kuɗi, wanda sai ya noma gyaɗa ko auduga, ko ya tafi cin rani, kafin ya biya. Dokar ƙasa ta 1910 ta sa filayen Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna, dokar ma'adinai ta 1916 ta mallaka wa gwamnati abin da ke cikin ƙasa, aka kuma shata dazuzzuka aka ce gandun gwamnati ne. Anka da Gummi da Bukkuyum suka zama gundumomin En'e ta Sakkwato, nesa da inda ake yanke hukunci. Hakimi yana amsa wa Sarkin Musulmi da Di'o da Razdan, kuma ma'aunin ƙwazonsa shi ne kuɗin da ya kai baitulmali. Wato hukumar da mutumin ƙauye ya sani mai zuwa karɓa ce. Ta san adadin kawunan gidansa da na shanunsa, ba ta san hanyar rijiyarsa ba.

Za a ce Turawa sun tafi tun 1960, kuma ɗora musu laifin abin da ke faruwa a dazukan yankin nan ragwanci ne. Akwai gaskiya a ciki, kuma ita ce ta sa maganar ta fi ɗaci. Gado ne muka karɓa da hannu biyu muka ƙi gyarawa. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar wuraren kiwo a 1965, amma yawancin filayen ba a tabbatar da su a doka ba, waɗanda aka tabbatar kuma aka yi ta yankarsu. Dokar filaye ta 1978 ta mayar da ikon da ya taɓa zama a hannun Gwamna Bature zuwa hannun gwamnan jiha, sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 kuma ya bar ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya. An rushe 'yan doka, an karɓe kotunan alƙalai daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, an soke jangali a shekarun 1970, kuma duk da haka ba a kawo wa ƙauye abin da zai maye gurbin ɗan tsarin da aka rushe ba. Jama'a ta ƙaru, taki ya yi tsada, gona ta ci burtali ta ci mashaya, manya kuma suka samu takardun manyan gonaki a cikin dajin da ake kiwo. Idan saniya ta yi ɓarna aka je ofishin 'yan sanda ko kotu, makiyayi ya san za a tatse shi don yana da abin sayarwa, manomi kuma ya san diyyar ba za ta iso hannunsa cikakkiya ba. Dukansu sun fita daga gaban shari'a da ƙullin zuciya, kowa yana ganin ɗan'uwansa ne ya cuce shi. Da satar shanu ta yi yawa hukuma ta kasa, sai 'yan sa-kai suka ɗauki gatari da bindigar toka, ɓarayin daji suka sayi AK-47 daga makaman da suka malalo ta Sahel bayan rushewar Libiya a 2011.

Zinarin yankin nan ya isa shaida. A 2010 aka gano yara suna mutuwa a Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji a Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, saboda gubar dalma da ke cikin duwatsun da ake niƙawa a tsakar gida. Yara sama da 400 suka rasu. Ƙungiyar likitoci ta MSF ce ta fara kwarmata abin, Bagega kuwa sai 2013 aka share mata gurɓatacciyar ƙasa, bayan an daɗe ana roƙon Abuja ta saki kuɗi. Gwamnatin da doka ta ba zinarin ba ta nan lokacin da yake kashe yara. A Afrilun 2019 ta haramta haƙar ma'adinai a jihar, haramcin ya kai har Disambar 2024, amma ramukan ba su rufe ba. Masu bindiga ne suka gaje su, kuma an sha danganta shugaban daba Halilu Sububu, wanda sojoji suka kashe a Satumban 2024, da wuraren haƙa na ƙasar Anka. A Janairun 2022 aka ba da labarin wasiƙun da 'yan bindiga suka aika wa garuruwa tara na Bukkuyum suna yanka musu kuɗin da za su biya, kuma 'Yargalma, wadda ta binne 'ya'yanta a 2010, tana cikin jerin. Mutanen yankin ba su sha wahalar samo wa abin suna ba: haraji suke ce masa. Ɗan bindiga ya tarar da kujerar mai karɓa a ƙauye babu kowa, ya hau.

Akwai ƙorafin da ya fi wannan nauyi, kuma daga bakin waɗanda aka kashe wa 'yan'uwa yake fitowa. Suna cewa waɗanda suka zo a kan babura Fulatanci suke yi, shugabannin dabobin an san su an san iyayensu, to don me za a hana mu faɗin abin da idonmu ya gani? Ba wanda zai hana, ni ma ban musa ba: mafi yawan mayaƙan dajin daga gidajen makiyaya suka fito, kuma babu wani tarihin zalunci da zai halatta harbin mai sujada ko yi wa matar aure fyaɗe. Hukunci ya wajaba a kansu, da ƙarfin soja da na kotu. Sai dai bindiga ba ta aiki ita kaɗai. Infoma da ke nuna gidan wanda ya sayar da hatsi a cikin gari yake kwana. Mai kai fetur da burodi da ƙwaya, da dillalin shanun sata, da mai sayen zinari, yawancinsu ba a ruga aka haife su ba. Ta ɗaya ɓangaren kuma, makiyayan da suka ƙi shiga daji su ne farkon waɗanda aka raba da garkensu, har yau kuma ana sace su ana karɓar fansa kamar kowa. Bafulatanin da aka kwashe wa shanu da dare, da safe ya shiga kasuwa a yanka shi saboda kamanninsa, ɗansa ina zai nufa? Shugabannin daba ba su da mai yi musu ɗaukar sababbin yara kamar wanda ya kashe marar laifi a kasuwa. Shari'ar da Zamfara ta riga kowace jiha ƙaddamarwa a 1999 ba ta yarda a kama wani da laifin wani ba, kuma ba daidai ba ne mu roƙi Allah abin da muka san alƙali mai tsoronsa ba zai hukunta ba.

Sauran ƙasashen Afirka sun riga mu ganin ƙarshen wannan hanya. A Mali, maharban Dogon da aka bari su yi tsaron kai sun shiga Ogossagou a ranar 23 ga Maris 2019 suka kashe Fulani kimanin 160, bayan kusan wata uku kuma aka kashe Dogon a Sobane Da. A Burkina Faso an yi irinsa a Yirgou a Janairun shekarar, kuma masu iƙirarin jihadi ne suka ci ribar kowace gawa. A Ruwanda, Turawan Beljiyam sun rubuta wa kowa ƙabilarsa a katin shaida tun shekarun 1930; a 1994 aka kashe mutum kimanin 800,000 cikin kwana 100, da yawa a cikin coci-cocin da suka fake, a ƙasar da kusan kowa mai zuwa ibada ne. Darfur kuwa Musulmi ne ke kashe Musulmi tun 2003 a kan ƙasa da ruwa da mulki, da sunan Larabawa da baƙaƙe. Muna yi wa waɗannan ƙasashe addu'a a huɗuba, kuma ya dace. Roƙa wa Sudan zaman lafiya daga Gummi ba shi da wuya, tunda ba wanda ya ƙona maka rumbu a can. Inda addu'a take da nauyi shi ne ka sa marayan rugar da ke bayan garinku a cikinta.

Wasu 'yan boko za su ce duk wannan ɓata lokaci ne, a bar addu'a a nemi jiragen yaƙi. Haushinsu yana da dalili. A 2017, lokacin da sanƙarau ke kashe mutane a jihar, Gwamna Abdul'aziz Yari ya danganta annobar da zunuban jama'a, har Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya fito ya ƙalubalance shi. Mai mulki idan ya kira taron addu'a a wurin da ya kamata ya kawo allurar rigakafi ko ya tura dakaru, ya mayar da ibada mafaka. Gwamna yana da kasafin kuɗi, shugaban ƙasa yana da soja, kuma a kan waɗannan za a tambaye su. Amma wanda ya ce a bar addu'a bai san ƙauyen ba. A garin da aka rufe makaranta, ma'aikacin asibiti ya gudu, ofishin 'yan sanda mafi kusa yana da nisan tafiyar awa biyu, masallaci ne kaɗai abin da ya rage yana tara mutane sau biyar a rana. Matar da ta kwana da 'ya'yanta a sansanin 'yan gudun hijira na Anka ba ta da lauya, ba ta da ɗan majalisar da zai ɗauki wayarta. Ubangijinta take da shi, kuma kowane almajiri ya san matsayin addu'ar wanda aka zalunta. Ga shi kuma abin da yaro yake ji ana cewa amin a kansa tun yana shekara bakwai, da shi zai girma. Idan ya tashi yana jin ana la'antar zalunci, na ɗan bindiga da na infoma da na alƙali mai cin hanci, zai nemi adalci. In kuwa ƙabila ya ji ana la'anta, fansa zai nema, kuma makwabcinsa ne zai fara samu.

Limamin ƙauye ba shi ne za a ɗora wa wannan kaya ba. Shi yana huɗuba ne ya san akwai mai kai rahoto a sahu na biyu, kuma an sace limamai an kashe wasu. Nauyin yana kan waɗanda ke da katanga da masu gadi: manyan malaman Gusau, shugabannin Izala da na ɗariƙu, da majalisar sarakunan jihar. Yankin yamma bai rasa manya ba: masarautar Anka ita ce magajiyar tsohuwar daular Zamfara, a 2013 kuma Gummi ta naɗa Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi, wanda ya riƙe babbar kotun Abuja, a matsayin sarkinta. Su ne za su iya zaunar da arɗo da sarkin noma a sahu ɗaya ranar da za a yi addu'ar gari, su sa a ambaci mamatan ɓangarorin biyu, su kuma faɗa wa gwamnati a bainar jama'a cewa askarawan da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a Janairun 2024 dole su kai wanda suka kama kotu da ransa. Su ne kuma za su iya tambayar ina aka kwana da shawarwarin kwamitin 2019, da kuma wa yake riƙe da takardun gonakin da suka haɗiye burtalai.

Ya ku malamanmu, Allah ya gafarta muku, alƙunutun nan a ci gaba da shi. Ku sa mutanen Ruwan Jema a ciki, ku sa mutanen rugagen da aka ƙona, ku sa yaran Dareta da 'Yargalma. Idan kun zo kan azzalumai kuma, ku bayyana wa jama'a cewa har da wanda ya karɓi amanar tsaron rayukansu ya ci.